Mai Burodin Tatsuniyar Kaka

A gidanmu na unguwar Ƙuba, a ƙasa mai tsarki, da an idar da Magariba sai Kaka ta hura gawayi ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta ba Gizo ba Ƙoƙi. Kullum gari ne mai ƙanƙara, sojoji a titi, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Da ƙuruciyarta ta yi raino a Jidda, gidan wani likita ɗan ƙasar Folan, inda ake kunna tsofaffin finafinan ƙasarsu marasa kala. Ko kalma ɗaya ba ta ji. Fuska take karantawa, sauran ta cike da kanta.

Wadda ta fi so ita ce ta telan da ya ɓoye maƙwabcinsa a bayan kabad. Akwai mai burodi da ke zuwa kullum, yana murmushi yana 'yan leƙe-leƙe. Ranar da sojoji suka zo, shi ne tsaye a bakin ƙofa.

"Shi ya sayar da su, wallahi," in ji Kaka. "Ya waladi, yarona, haƙorin dariya shi ke cizo. Halas, shi ke nan!"

A lokacin ƙanenta Kawu Idi yana gidan, ya zo Umara ya zarce ba takardar zama, yana ɓuya kada hukuma ta kama shi. Sai Baba ya ba wani ɗalibin jami'a daga Kano, Malam Sani, ɗakin ƙofa. Mutum ne mai fara'a, da safe ya kawo mana burodi, ya tambayi lafiyar kowa da sunansa.

"Lesh, don me yake ƙirga mutanen gida?" Kaka ta ce wa Baba. "Na san irin fuskar nan."

Ba ta bar shi ya sha ruwa ba sai da ya sallami Malam Sani, ana dab da jarrabawa. Ya ɗaure littattafansa, ya yi godiya, har ya roƙi Kaka gafara. Mu yara har da tsalle.

Bayan rasuwarta na ci karo da fim ɗin, da fassarar Larabci a ƙasa. Ashe abinci mai burodin yake kai wa na bayan kabad, a ƙofa kuma rantsuwa yake babu kowa ciki. Shi sojojin suka tafi da shi. Ina jin a nan jaririn da take raino ya yi kuka, Kaka ta tashi ba ta ga ƙarshen ba.

Na ji kunya, na ji tausayin Malam Sani, ban ma san inda yake ba. Amma har yau in baƙo ya yi mini murmushi, sai gabana ya faɗi kafin in amsa sallamarsa.