Girebar Fitar Takaba

Duk wanda ya ci girebata ya yaba, nakan ce masa ya tauna a hankali, don wannan abar ta taɓa raba gida guda. Sai a yi ta dariya, a ɗauka irin zuzutawata ce, tunda ni ce matar da sauro zai ciza ta ce kura ce ta kama ta. To, a wannan dai ban ƙara gishiri ba.

Ban fi shekara tara ba Baba ya rasu a gidanmu na Rogo, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ya bar mu uku: ni, da ƙanena wanda ko mazagin wando bai iya ɗaurewa ba, da Auta mai yawo da yatsa a baki. Ya bar Inna, mahaifiyarmu, da kuma Kaka, tsohuwarsa, wadda idonta ya yi rauni har takan tsaya ta gai da turmi, ta tambaye shi ya mutan gida.

Inna ta shiga takaba. Kowa ya san in ta fita gidansu za ta koma a Ƙaraye, 'ya'ya kuwa na dangin uba ne. Matar Baffa, yayan Baba, ita ta tsegunta mata shawarar da maza suka yanke: Kaka ta koma gidan Baffa, mu kuma a rarraba mu cikin dangi, tunda babu mai dafa mana. Sai Inna ta ƙudura a ranta cewa in aka samu mai iya riƙe murhu a cikinmu, za a bar mu tare wurin Kaka, Baffa yana aiko da hatsi. Mai riƙe murhun kuwa ni ce.

Matsalar ita ce ni 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe kunyar 'yar fari da hannu biyu. Ba ta kiran sunana, ba ta yaba mini, ko kallona ba ta cika yi ba in da mutane. Sai ina zaune a gabanta, gwiwata na taɓa tata, ta juya wajen Auta ta ce, "Ki gaya wa waccan, in tana son ta zauna da ƙannenta sai ta koyi wuta." Auta ta zare yatsa daga baki, ta dube ni ta ce, "An ce wuta."

Ni kuwa na tsani madafi. Hayaƙi na ganina sai ya bar duk wata ƙofa ya nufo idona. Da Inna ta ga ina zillewa, sai ta ɓullo ta inda ba zan iya gudu ba. A shekarun nan fulawa ta yi wuya ƙwarai, amma Kawu, ɗan'uwanta, ya kawo mata kwano guda daga Ƙaraye da ya zo gaisuwa. Ta ce za a yi gireba, kuma wanda bai yi aiki ba ko ɓurɓushi ba zai lasa ba.

Ta jera mu a tsakar gida da hantsi. Aka fara da wanke hannu, aka wanke na ƙanena har sau uku, don hannun nan nasa in aka shuka gero a kai zai fito. Ni aka ba rariya in tankaɗe. Shi aka ba gwangwanin madara ya auna sukari, Inna na tsare da bakinsa. Auta aka ce ta yi gadin kaji. Man gyaɗa na Inna ne, wanda ta matse da hannunta. Ta nuna mini yadda ake zuba shi kaɗan-kaɗan ana murzawa, har garin ya kai in ka dunƙula ya tsaya, in ka taɓa ya ruguje. Sai a danna shi a cikin ƙaramin ludayi, a kife a faranti, a barbaɗa riɗi.

Tanda irin ta masu burodi ba mu da ita. Tsohuwar tukunya ce ake zuba wa yashi a gindi, a ɗora farantin a kai, a rufe, a zuba garwashi a bisa murfi. A nan karatun yake. Ta koya mini jera itace yadda iska za ta shiga, da janye shi in wuta ta yi yawa, da gwada zafi da bayan hannu, da soke zani kafin in durƙusa. Ta ce ba a buɗe murfi don a leƙa, hanci ne ke faɗa.

"To Inna, in mutum yana mura fa?" in ji ƙanena.

"Sai ya ci gawayi," ta ce.

Gawayin kuwa muka ci. Tukunyar farko ta fito baƙa ƙirin, da tauri irin wanda in ka jefi kare da ita sai ya kai ƙara wajen mai unguwa. Kaka ta karɓi guda, ta juya ta a baki, ta ce Allah ya yi mana albarka, wannan ƙuli-ƙuli ya soyu. Muka yi ta dariya. Inna ma ta fara, sai ta tsaya, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Daga gireba aka wuce talge da tuƙin tuwo da kaɗa miyar kuka. Muciyar ta kusa fina tsawo, sai na hau kujera 'yar tsugunno. Na ƙone a yatsu, na ƙone a ƙwauri, girata ta hagu ma ta tafi, ba ta dawo ba sai da damina. Amma na iya. Ƙanena ya iya tsinto kara da wanke kwanoni, Auta ta iya zama nesa da murhu. Inna ta ɓoye ragowar fulawar a cikin kwalla, ta ce ta ranar fita ce.

Ranar fitar takaba dangi suka cika gida. Tun da safe na yi girebar ni kaɗai, Inna na bakin ƙofar ɗaki, ta juya baya kamar ba ruwanta, amma na san hancinta na wajen tukunya. Girebar ta fito ja-ja-ja, ko ɗaya ba ta fashe ba. Aka ce in kai rumfa, inda Baffa ke zaune da Kaka da Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Beli. Na durƙusa na ajiye.

Gwaggo ta ɗauki guda, ta sa a baki, ta lumshe ido. "Wannan daga Kano aka yo saƙonta?"

"Ina fa," in ji Kaka, da alfahari. "Kishiyata ce ta gasa, ga ta nan. Tuwon jiya ma ita ta tuƙa. Ai yarinyar nan ta riƙe gida."

Gwaggo ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Da ma niyyarta Auta za ta ɗauka. Ta juya wajen Baffa ta ce, "Yaya, ka san 'ya'yana duk maza ne, ga bayan nan nawa ya ƙi. In dai za a ba ni riƙo, a ba ni wannan."

"To ni wa zai hura mini wuta?" in ji Kaka.

"Iya, ai ke wurina za ki dawo, an gama wannan," Baffa ya ce. Ya sa aka kira Inna. Ta zo ta durƙusa daga gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya faɗa mata yadda aka yi: ni Beli, namijin wurinsa, Auta kuwa tunda ƙarama ce ta tafi da ita Ƙaraye. "Ko kina da magana?"

Da a kan ƙanena ne ko Auta, na tabbata da ta yi magana. Amma a ce ta buɗe baki a gaban surukai ta roƙi a bar mata 'yar fari, wannan ba a yi. Ina kallon yatsunta suna murza gefen tabarma.

"Ai taku ce," ta ce.

Washegari Gwaggo ta riƙe hannuna muka hau a-kori-kura, ƙunshin kayana a ka. Ƙanena ya bi motar da gudu yana riƙe da wando har ya gaji. A Beli ba a cuce ni ba, kada in ɗauki alhaki. Gwaggo ta ciyar da ni, ta yi mini ɗinkin salla, ta nuna mini murhu mai duwatsu uku da tukunyar da za a iya yi mini wanka a ciki. Na tambaye ta yaushe zan koma gida, ta ce sai an yanke dawa. Ba ta ce ta wace shekara ba.

Da aka kai ni Ƙaraye ganin Inna, Auta ta riga ta yi wayo, an yi mata kitso, ta daina shan yatsa. Na miƙa mata hannu. Ta ɓuya a bayan Inna, ta ja zaninta, ta tambaye ta a hankali ko baƙuwar nan kwana za ta yi.