Kilomita Goma na Mai Burodi

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, wata maƙwabciya ta leƙo ta tagata ta ce motar da kake kai burodi ta yi karo da tirela a bayan gari, kuma ko asibiti ba a kai da kai ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Shekarunka arba'in da tara. Nawa tamanin da ɗaya, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa ni zan ɗauki alƙalami a kanka ba.

Da tsufan nan, rubutu ya zame mini aiki. Abin da ya tilasta ni shi ne maganar da na ji daga bakin ƙanenka a wurin gaisuwa. Ciwon sugan da ya kama ka shi ma ya kama shi, likita ya riga ya gargaɗe shi a kan ƙafarsa ta hagu, kuma wata uku ke nan da ka lallaɓa shi ya fara fita tafiyar safe. Ya ce: "Yaya ya hana kansa ci, ya hana kansa barcin safe har shekara biyu, ga shi mota ta ɗauke shi. To ni wahalar me zan sha?" Tun ranar bai sake fita ba.

Na san ka tun kana kawo mini burodi kowace safiya bayan rasuwar mai ɗakina. 'Ya'yana suna nesa, sai waya. Sau da yawa sallamarka ce kaɗai muryar mutum da ke shiga ɗakina a yini. Matakala uku ne a ƙofata, amma kafin ka gama hawansu sai ka dafa bango kana haki, gumi yana zuba. A kan kujera kake salla. Takalmi mai igiya kuwa ka daɗe da rabuwa da shi, don hannunka ba ya kaiwa.

Ranar da ka dawo daga asibiti da takardar gwaji, ka zauna a kan bencina, benci ya yi ƙara. Ka ce likita ya ce in ba ka sauya ba, kada ka sa rai da ganin jikoki. Daga nan ka ce:

"Baba Safiyo, kunya nake ji in fita titi ni kaɗai da wannan tumbin. In muna tare, sai a ɗauka kai nake rakawa."

Haka muka fara, ni da sanda, kai da tumbi, kuma saurinmu ɗaya. Daga ƙofata zuwa kantin magani mu dawo. Masu gyaran taya suna yi mana tsiya, wai su ga wanda zai riga faɗuwa. Kai kuwa sai ka ɗaga musu hannu ka ce su tanadi babban jak. Rabona da taka titin nan kafin lokacin ya kai wata takwas. Ban gaya maka ba, amma ina jin ka sani.

Mutumin da ke wuni a bakin tanda, ƙamshi yana dukansa, ya daina cin abin da yake gasawa. Ɗan gutsure kake ɗanɗanawa don ka ji gishiri, shi ke nan. A kan sikelin fulawa kake auna kanka duk ranar Asabar, leburori suna kewaye da kai suna ihu. Ka fara da kilo ɗari da talatin da ɗaya. Kafin shekara ta zagayo ka bar ni a baya, ka koma sassarfa, sannan gudu. Duk da haka ba ka taɓa fita ba sai ka fara kai ni kantin magani ka maido ni.

Sai ka zo da labarin tseren titi na kilomita goma, ka ce in auna maka hanyar gwaji. A nan na yi maka laifin da ya kamata in rubuta da hannuna. Shekara arba'in na yi ina aikin safiyo, wato awon ƙasa, kuma a zamaninmu da mil da yadi aka koya mana. Na ji ka sarai ka ce kilomita. Amma da na shimfiɗa tsohuwar taswirata na ɗora rula, hannu ya yi abin da ya saba. Na fitar maka da alama goma, kowace mil guda, wato kilomita sha shida ke nan maimakon goma. Ka bi da fenti ka shafa a turakun lantarki. 'Yarka ta ce ka bari ta auna da waya, ka ce: "Baba ya auna, me waya za ta gaya mini?"

Wata biyar kana fama da hanyar nan. Alama ta huɗu, ta biyar. Farcen babban yatsanka ya fita, cinyoyinka suka saɓule. Ranar da ka fi ƙoƙari ka kai ta bakwai, kuma a mota aka dawo da kai. Ana saura mako guda a yi tseren ka zo ka zauna ka ce:

"Baba, ba zan gama ba. Bakwai ce iyakata."

Na ce to ka bari sai baɗi.

"A'a. Zan shiga. Gara a ɗauke ni a hanya da a ce ban zo ba."

Wannan maganar ita ce na fi so ƙanenka ya ji. Ka tsaya a layin farawa cikin matasa masu siraran ƙafafu, da lamba a ƙirjinka, alhali ka riga ka yanke wa kanka cewa ba za ka kai ƙarshe ba. Kuma ka tashi.

An ajiye mini kujera kusa da wurin gamawa. Na ga na farko sun wuce kamar iska, na ga na tsakiya, na ga ma'aikata sun fara tattara kwalaben ruwa. Can sai ga ka, riga ta jiƙe sharkaf, kana tafe a hankali kamar mai tanadin ƙarfi don doguwar tafiya. Ka tsallake layi ba ka tsaya ba. Sai da wata ma'aikaciya ta bi ka da gudu ta riƙe hannunka. Ka dube ta ka ce:

"Ina sauran hanyar?"

Mutum shida kawai ka riga, cikin ɗaruruwa. Da yamma muka buɗe taswira, na ga abin da na yi, kunya ta rufe ni. Kai kuwa dariya ka yi har da hawaye.

"Baba, ashe tun watan jiya na gama tseren nan ban sani ba! Allah ya isa tsakanina da rularka."

Ranar kana kilo casa'in da huɗu. Likita ya rage maka magani. Na gan ka da idona ka sa goshi a ƙasa ba tare da kujera ba, ka daɗe ba ka ɗago ba. Na ga ka saɓa jikarka a wuya ka hau benen gidanku da ita. Ajali ba a tsere masa, kuma ba shi ka yi niyyar tsere wa ba. Kwanakin da aka rubuta maka ne ka ƙi yarda ka yi su a zaune.

Jiya na ɗauki sandata na tafi gidan burodi ni kaɗai. Sau huɗu na huta a hanya. Na tarar da ƙanenka a bakin tanda, ya miƙe a firgice ya ce wa ya kawo ni. Na ce ƙafata. Na gaya masa ba ni da mai raka ni kantin magani, kuma ba ni da niyyar komawa ɗaki in jira. Ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba, zuciyata ba ta so."

Na ce ban zo neman zuciyarsa ba, hannunsa nake so in dafa. Gobe ƙarfe shida zan tsaya a ƙofarsa. In bai fito ba, jibi zan koma.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'yarka, da ƙanenka, da leburorin da har yanzu suke waiwayen ƙofa in sun ji ƙarar mota. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya saka maka da alheri a kan kowane taku da ka yi da tsoho a gefenka. Allah Ya ba iyalinka haƙuri, Ya tsare wa ƙanenka ƙafarsa. Ni kuma Ya ara mini ƙarfin da zan kai ƙofarsa gobe. Amin.