Mai Ƙahon Rago da Boksin Siddig

Wautar farko da na tafka a Masar kalma ɗaya ce ta ja mini ita, kuma har yau idan na tuna sai in cusa fuska cikin matashin kai. Wata Laraba ce cikin sanyin farkon shekarar 2012, ina ɗan shekara goma sha uku, Abba ya tafi da ni unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira mu share gidan da za mu koma, domin hayar unguwarmu ta Hayyis Sabi' ta fi ƙarfin ɗalibi mai iyali. Muna cikin shara na ji shi a waya yana gaya wa wani da Larabci cewa dabbaba ta zo ranar Juma'a bayan salla ta kwashe mana kaya. Larabcina a lokacin bai cika cokali ba, amma wannan kalmar na san ta sarai, don tun saukarmu ƙasar ake ta nanata ta a talabijin: dabbaba ita ce tankar yaƙi. Sai na jingine tsintsiya, na gangara wurin yaran da ke buga ƙwallo a gindin benen, waɗanda ban san ko ɗayansu ba, na tsaya tsakiyar filinsu na bugi ƙirji. "Juma'a, dabbaba! Baba!" Abin da baki ya kasa hannu ya ƙarasa. Na zana musu bakin igwa a iska, na yi ƙarar sarƙa da leɓe, har na sara musu irin ta soja.

Ranar Juma'a layin ya cika, har da waɗanda ba a gayyata ba, wasu ma sun kama wuri a baranda. Sai ga mu tafe cikin wata tsohuwar a-kori-kura fara wadda tsatsa ta cinye wa gefe, ƙofarta ɗaure da igiya, tana tari kamar tsohon da ya daɗe da taba. Ni kuma ina can ƙoli bisa katifa, rungume da tukunyar gas da bokitin Umma. Ashe dabbaba Masarawa ke kiran irin wannan motar, wai don ba ta san mutuwa ba. Dariyar da aka yi mini a ranar sai da ta tashi tattabarun saman benen. A tsakiyar wannan dariya ta Larabci sai na ji wata murya ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa, Janar. Ina igwar? Ko a bokiti ka ɓoye ta?"

Ba don tukunyar gas ta danne ni ba, da na faɗo. Watanni ke nan ban ji Hausa daga bakin sa'ana ba. A Funtuwa gidanmu babban gida ne, idan aka sauke tuwo sai ka yi kokawa kafin hannunka ya kai kwano, da yamma mu yi langa a ƙofar gida, ranar kasuwa mu maƙale a bayan motocin masara har sai yaron mota ya biyo mu da bulala. A Alƙahira kuwa duniyata ta koma baranda ɗaya a hawa na huɗu. Abba ya fita jami'a tun da sassafe da littattafansa na hadisi, Umma tana fama da jaririya, ni kuma aikina layin burodi da zura kwando da igiya ga mai wake. 'Yan Najeriya suna nan da yawa a unguwar, amma duk manya ne masu gemu, idan sun zo cin tuwon shinkafa gidanmu hirarsu nahawu da fiƙihu, rabona da ita miƙa ruwan wanke hannu. A makaranta ba a kiran sunana, sai dai "ya samara", wato baƙar fata. Har wata kyanwa mai kunne ɗaya na koya wa Hausa, kuma ta fi wasu ɗalibai ƙoƙari.

Mai muryar sunansa Siddig. Ni na ce Sadiku ne, ya ce in gyara bakina. Bahaushen Sudan ne, dogo siriri kamar sandar rake, kakanninsa sun taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za su Makka suka yada zango a Gadarif, zangon da ba su tashi ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, an barbaɗa mata Larabci, mota a wurinsa arabiya ce, kowane mutum kuma "ya zol". Suna zaune a ƙasan benen da ke kallon namu shi da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajja, mai yi wa matan unguwa lalle. A ranar ya taya mu hawa da kaya, muna kan matakala da katifa a ka ya ce ai dabbaba ba mota ba ce, motar duniya ita ce boksi, a-kori-kurar nan 'yar Japan da ta cika Sudan. Ni da na sha kunya ina neman inda zan rama, sai na ce boksi abin wasan yara ce, mota ita ce 'yar Amurka mai ƙahon rago a goshi. Ya sauke katifar a tsakiyar matakala ya dube ni. Musun da muka fara ke nan, kuma bai ƙare ba sai bayan shekara biyu da wani abu.

Gaskiyar magana, mai ƙahon rago ban taɓa ganinta ido da ido ba, a kwamfutar shagon intanet na san ta. Amma wannan bai hana ni komai ba. Na ce silindarta takwas, idan ta yi gurnani gilasan unguwa rawa suke. Na ce bayanta zai ɗauke ɗakinmu da barandarsa. Na ce idan aka ɗaura mata sarƙa za ta ja babbar dalar Giza ta kai ta Funtuwa, ta dawo ta ɗauki ƙaramar. Siddig ba ya ƙarya irin tawa, shi da hujja yake kisa. Ya ce boksi dizal take sha kaɗan-kaɗan kamar mai azumi, ta ratsa taɓon daminar Gadarif da buhunan riɗi a baya, mutane a kan buhunan, awaki a kan mutanen. "Taka in ta mutu a daji wa zai gyara, ya zol? Aljani? Tawa bakaniken ƙauye da waya da filaya ya tashe ta." In ce ƙarfi, ya ce juriya. In ce gudu, ya ce gudu zuwa gidan mai. Akwai wata 'yar Amurka mai shuɗin tambari kamar ƙwai, ita muka ajiye don ranar da muka gaji da juna, sai mu haɗu mu zage ta tare, baiwar Allah ba ta yi mana komai ba. Dabbabar Ammu Ragab, tsohon da ya kwaso mana kaya, wadda kullum take fake a bakin layi, ko lissafi ba ma sa ta.

Filin dagarmu kasuwar motoci ce da ke ci ranar Juma'a a gefen unguwar, wani makeken fili da ba a ganin ƙarshensa. Muna idar da salla sai mu nufi can da jallabiyoyinmu. Ni ne ɗan wani alhaji mai rijiyoyin mai a Najeriya, Siddig tafintana. In harbi taya da ƙafa, in leƙa ƙarƙashi in duba sifirin, in girgiza kai in ce da Hausa, "Gaya masa motarsa ta yi kama da kwanon awara," shi kuma ya juya wa dillali da Larabci cewa mai girma zai yi shawara da mahaifinsa. Sau da yawa an kore mu, sau ɗaya kuma an ba mu shayi. Boksi kam ga su nan jere, kullum sai Siddig ya shafa bodinsu kamar mai gaida dangi. Tawa ba ta taɓa zuwa ba, sai in ce ai mai irinta ba ya sayarwa.

Sau ɗaya bakina ya wuce gona. Na ce boksi motar matsiyata ce, ba mai tuƙa ta sai wanda ya rasa abin yi. Siddig bai rama ba. Ya ce mahaifinsa boksi ya tuƙa har ya rasu, a bayanta ya koyi tafiya, yana dafa ƙarfen gefe. Ya juya ya shige gida. Kwanakin da suka biyo baya na koma baranda, ni da kyanwa. A nan na gane cewa ba mota nake karewa ba. Mu biyu ba mu iya zama mu ce muna kewar gida ba, ba mu iya cewa garin nan ya yi mana girma ba, abin da muka iya kawai musu. Idan babu shi, ba ni da dalilin ƙwanƙwasa ƙofarsu. Ban kuma iya ba da haƙuri ba, don haka wata la'asar da na hango shi ya dawo daga aike, na leƙo na ƙwala da iyakar muryata, "Sadiku! An ce boksi ba ta da birki!" Ya yi kamar bai ji ba, ya taka, ya sake takawa, sai ya tsaya. "Sauko, jahili," in ji shi, "sauko in karantar da kai." Na sauko matakalar nan kamar an jefo ni.

Wata Juma'a a ƙarshen zafin 2014 muka shiga kasuwa, sai ga ta. Baƙa wuluk, ƙofa huɗu, murfin injinta ya kai mini haɓa, ragon nan a goshi ya sunkuyar da kai kamar zai tunkuyi kasuwar gaba ɗaya. Na manta ni ɗan alhaji ne, na tsaya baki buɗe. Dillalin, ko don ya gaji da rashin mai taya, ya buɗe mana muka hau, ya murza makulli. Gurnanin ya shigo ta kujera ya hau mini har haƙora. Karo na farko a rayuwata ƙaryata ta kusa zama gaskiya. Na juya wurin Siddig da jawabin da na daɗe ina tanadi, sai na ga yana shafa gaban motar a hankali. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Janar. Taka ta fi."

Na jira in ji "amma". Ba ta zo ba. Ya kamata in fito in taka rawa a kan bodi, amma murnar ta ƙi zuwa. Siddig da ko sunansa ba ya bari a karkata, yau shi ne ya sallama? Muna tafe gida, sai da muka wuce mai lemon rake sannan ya ce kawunsa ya aiko su koma Gadarif, Hajja har ta sayar da firji. Jirgin ƙasa zuwa Aswan, daga can jirgin ruwa. "Na ce kada in tafi in bar ka da musu a baki," in ji shi, yana kallon takalminsa.

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. "Wa ya ce ta fi? Ba ka ga allurar mai ba? Muna zaune tana sauka! Wannan ai rijiya za ka ja a baya." Ya dube ni kamar na haukace, sai gefen bakinsa ya motsa. "Silinda takwas fa, ya zol." Na ce silinda takwas ɗin me, ta shiga taɓon Gadarif mana mu gani, a nan za ta kwana har kaka, boksi ta zo ta wuce ta da awaki suna mata dariya. Ya ce ai ita ce za ta ja dalar Giza. Na ce wane maƙaryaci ya gaya maka? Haka muka iso layinmu muna ɗaga murya, shi yana kare motata da ƙaryata, ni ina kare motar babansa da labaransa, har Hajja ta leƙo ta taga ta ce, "'Ya'yana, ku da ko keke ba ku da shi?"

Dabbabar Ammu Ragab ce ta kwashe musu kaya zuwa tasha, da hantsi. Abba ya bar ni na raka su. Muka hau can ƙoli bisa ƙullin kaya, inda na zauna ranar da na zo, garin yana wucewa ta ƙarƙashinmu. A kan gada motar ta yi tari, ta yi kamar za ta koma da baya, sai ta tattaro ƙarfinta ta haye. Muka dubi juna, ba wanda ya yaba mata. A tasha ba mu san yadda ake sallama ba. Ya ba ni hannu, na ba shi. Da ya sa ƙafa a jirgi ya waiwayo ya ce, "Boksi ba ta da birki!" Na ɗaga masa hannu har jirgin ya tashi. Na dawo a gaba kusa da Ammu Ragab, yana ta yi mini hira da Larabcin da yanzu nake ji sarai.

Abba ya gama karatu muka dawo Funtuwa a 2015. Yanzu Hausa ko'ina, kwanon tuwo cike da hannuwa, ba baranda ba kyanwa. Ranar kasuwa a-kori-kura suna wucewa ta ƙofar gidanmu da masara har sama, 'yan uwana su zauna a dakali suna gardamar wadda ta fi, ni kuma kullum ina bayan 'yar Japan, har ina kiranta boksi suna mini dariya. Sai dai musunsu ba ya daɗewa, da na ɗaga murya sai su ce to, ka yi gaskiya, su koma zancen ƙwallo. Ban taɓa sanin cin musu yana da ɗaci haka ba. Lambar da Siddig ya ba ni ta daina shiga tun suna Aswan, kuma ban sake jin muryarsa ba.