Baƙin ƙwallo mai gangarawa wajen tafki

Wani direba ne ya kawo teburin sinuka, wasan nan na tura ƙwallaye cikin rami da sanda, garinmu daga Katsina, aka kafa shi a rumfar mai shayi, bakin hanyar tafki. Ni ban taɓa riƙe sandar ba. Wani malamin boko, mushen lakwal kamar yadda muke cewa, shi ne ya nuna mini kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya gyarawa, ya ce abin da aka rubuta da Hausa kan wasan bai cika cokali ba. Tun da na saba da alƙalami da tawada, ya roƙe ni in tara masu sa kai, in riƙa duba Hausarsu. Na ce to, da yardar Allah.

Cikin waɗanda na tara akwai mai shayin, akwai kuma surukinsa, uban matarsa, wani tsohon masunci. Mushe ya buɗe wa kowa shafinsa da laƙabi, ba mai sanin na wani. Bayan la'asar muke zama, kowa da salularsa. Mai shayi, don kunya, can bayan tukunya yake raɓewa, ko ido ba ya haɗawa da tsohon.

To, daɓen rumfar ya karkata wajen tafki. Wani lokaci baƙin ƙwallo, wanda ake rufe wasa da shi, sai ya gangara da kansa ya faɗa rami. A wurinmu wannan rabo ne, mai bugu ya ci. Da haka tsohon ke cinye samari: ya ɗan taɓa, ya koma gefe yana jan tasbaha yana jira.

Ranar da muka zo kan ƙa'idoji, wani ya rubuta wannan a matsayin dokar duniya. Wani ya goge. Aka mayar, aka sake gogewa. Mai gogewar har ya bar saƙo: "Wanga wane baƙauye ne? Ya koma ya kama kifi." Sai ga gargaɗi daga wani mai kula da kundin, can nesa, cewa in ba a daina ba, zai kulle shafin, aikinmu ya tsaya.

Tsohon ya miƙo mini salularsa.

"Malam, idona ba ya ganin ƙanana. Karanta mani abin da ɗan banzan ga ya ce mani."

Na karanta a bayyane, don ban san komai ba. Bayan tukunya muka ji kofi ya faɗi.

"Kai, lafiya?" in ji mushe.

"Lafiya lau. Gawayi ya ƙare," in ji mai shayi, ga buhu cike a gabansa. Ya fice ba takalmi.

Bayan magariba ya same ni a ƙofar masallaci.

"Malam, na mutu. In Baba ya gane ni ne, da wane ido zan shiga gidansa? In kuma na bar dokar, duniya ta yi mana dariya."

Na gwada hanyar littattafanmu, na rubuta cewa masana sun saɓa, wasu sun ce ci ne, wasu sun ce ba ci ba ne, Allah ne mafi sani. Mai kula ya goge, ya ce a kawo hujja.

Washegari na tarar da mai shayi durƙushe, yana cusa guntun bulo ƙarƙashin ƙafar tebur. Da la'asar tsohon ya taɓa baƙin ƙwallo, ya koma gefe da tasbaharsa. Ƙwallo ya tsaya cak. Ya kai ƙarshen tasbaha, ya sake zagayowa, ƙwallo bai motsa ba. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana kallon bulon.

"Malam, a cire dokar nan, ba ta da aiki yanzu," ya ce. Sa'an nan ya ɗaga murya, bai dubi wajen tukunya ba. "A gaya wa mai rumfa, baƙauye na son shayi. Ya sa sukari da yawa."