Kujerar Inna Tumba a Ƙofar Kansila

Ranar Lahadin da ta wuce kakata Inna Tumba ta cika shekara uku da rasuwa. Allah Ya jiƙanta. Ni ce takwararta, kuma a gidanmu kowa ya yarda ba sunan kaɗai na gada ba, har da bakin. Wanda ya buɗe wannan shafi don ya karanta kuka, ya yi haƙuri. Ni da fushi na zo.

Inna Tumba kifin dam ɗin Goronyo take soyawa. Ba ta yi boko ba, amma tana da kujera 'yar tsugunno, baƙa ƙirin saboda hayaƙi, wadda take zama a kanta gaban kasko. Nauyin kujerar nan, ko jaki sai ya nemi shawara kafin ya ɗauka. Ranar zaɓe mata sukan dangwala yatsa su koma ɗora tukunya. Ita kuwa sai ta dasa kujerarta a gindin darbejiyar firamare, ba ta motsawa sai an ƙirga ƙuri'u a gabanta da ƙarfi. Wani malamin zaɓe ya taɓa ce mata, "Inna, ai kin gama, ki tai gida." Ta ce, "Ɗan ga, in na aza kihi bisa wuta, ban tashi sai ya soyu."

Wata damina iska ta yaye kwanon asibitin ƙauyenmu. Malamar asibiti ta jira gyara har ta gaji, ta tattara ta koma gari. Kansilanmu, wanda Inna ta zaɓa da yatsanta, ya ce sati biyu. Da sati biyun ya zama wata biyar, Inna ta fara ɗaukar kujerarta kowace Juma'a da safe zuwa ƙofar gidansa. Ba zagi, ba roƙo. In ya fito ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, ina kwanon?" Bawan Allah har ya koyi haura katangar bayan gida da babbar riga. Ya taɓa aiko mata da buhun shinkafa, ta mayar, ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce mai ba a rufin ɗaki da shinkahwa."

Damina ta zagayo, numfashi ya sarƙe mata, hanya kuma ta cika da laka. Ban ce da kwanon yana nan da ba ta mutu ba, kwananta ne ya ƙare. Amma da a kan gado za ta cika, ba a kan babur ba, a matse tsakanin ɗanta Kawu Sani da ɗan kabu-kabu.

Kansila ya zo ta'aziyya ya yi kukan da ya kusa cika gulbin Rima. Ya yi alkawarin sa wa asibitin sunanta, kuma wannan karon ya cika. An kawo fenti an rubuta sunan kakata ɓaro-ɓaro a bango. Kwano kuwa har yau babu. Awaki ne ke kwana a ɗakin haihuwa, su kam suna haihuwa lafiya. Matar da ta yi shekara tana tambayar rufi, aka saka mata da fenti! Da za ta ga bangon nan, da ta kankare shi da matsamin kifinta.

Amma ba kansila ne ya fi ƙona mini rai ba, mu ne. Dattawan da suka cika zaurenmu suna cewa an yi rashin jaruma, ko ɗayansu bai taɓa zuwa ƙofar nan ya yi tambayarta ba. Yanzu kansilan yana neman kujerar gaba, yaransa suna bi gida-gida da taliya da atamfa suna karɓar katin zaɓe, wai za su adana mana. Wanda ke tattara na gidanmu kuwa Kawu Sani ne, mutumin da Inna ta cika a ƙirjinsa.

Bana na cika sha takwas, na karɓi katina. Kawu ya miƙo hannu.

"Kawo, Takwara, a haɗa da na sauran."

"Kawu, in na ba ka, da mi zan tambayi kwanon?"

"Ke wa ya aike ki? Tsohuwa ta yi ta gaji, mi ta samu?"

"Ta samu fenti, Kawu. Kai ka samu taliya."

Tun ranar bai amsa gaisuwata ba. Ya gaya wa Baba in ban bayar ba kada in ƙara taka ɗakinsa, kuma Kawu ne ya goya ni ina ƙarama, ba abin dariya ba ne a wurina. Na san tsoro yake ji, gonar albasarsa tana kan layin ruwan da mutanen kansila ke rabawa. Amma tsoron nan ne ya bar awaki a asibiti.

Kaskon Inna an bayar, zannuwanta an raba. Kujerar ce kaɗai ba wanda ya so, na same ta a bayan rumbu kaza tana ƙwai a ƙarƙashinta. Juma'ar da ta wuce na wanke ta, na ɗaure katina a bakin zane, na kai ta ƙofar nan. A hanya na gane ƙarya na daɗe ina yi wa mutane, kujerar ba ta da wani nauyi, da hannu ɗaya na riƙe ta. Zama a kanta mutane suna wucewa suna kallonka, shi ne aikin. Na dasa ta a ƙofar kansila, na zauna.

Kansila ya fito yana gyara hula. Ya dubi kujerar kafin ya dube ni, kuma na ga ya gane ta.

Na gaishe shi da ladabi, na ce, "Ranka shi daɗe, ina kwanon?"