Kwalayen Verlin Hovde

Verlin Hovde ɗan manomi ne, haifaffen ƙauyen Solberg, can arewacin Dakota inda ƙanƙara take toshe hanya wata da watanni. Makarantar ƙauyen ɗaki ɗaya ce, murhun gawayi a tsakiya, ƙararrawa a kan rufi. A cikinta ya koyi karatu, a cikinta kuma ya fara koyarwa, har ya auri Ardis, 'yar mai kantin ƙauyen. Da shugaban makarantun gunduma ya ajiye aiki, mutanen Solberg ne suka tsayar da Verlin, suka bi gida-gida suna nema masa ƙuri'a. Namu ne, in ji su.

Ya riƙe aikin tsakani da Allah. Duk makarantar da ke gundumar sai ya taka ta da tsohuwar motarsa, ya leƙa murhu, ya ɗanɗana ruwan rijiya, sannan ya zauna a bencin baya, hula a kan gwiwa, yana sauraron yara. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: duk takardar da ya rubuta sai ya ajiye kwafinta.

"Verlin," Ardis takan ce masa, "ko barka da asuba ka yi wa mutum sai ka ajiye kwafi?"

"Baki yana mantuwa, Ardis."

Da injin noma ya shigo, gonaki suka haɗe, gidaje suka watse, yara suka ragu. Hukuma ta ce a haɗe ƙananan makarantu a kai yara gari a mota. Verlin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rufewa, har ya rage ta Solberg. Rufinta yana yoyo, yaran ba su cika benci biyu ba, babu malamar da ta yarda ta zo. Da ya so, da ya kau da kai shekara ɗaya ko biyu. Ardis ta roƙe shi. Ya ce da wane ido zai dubi waɗanda ya rufe musu tasu in ya bar tasa.

Ranar taron sanar da rufe makarantar, ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Gus Tollefson, wanda suka zauna benci ɗaya suna yara, shi ya miƙe.

"Kai, Verlin! Tun muna 'yan mitsi-mitsi kai ne mai rige-rigen share allo don malama ta yabe ka. Ashe hannunka bai daina ƙaiƙayi ba. To yau ka share mu, sai ka je gari a shafa maka kai."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Verlin ya ɗaga takardunsa zai yi bayani, mutane suka fara ɗaukar rigunan sanyinsu.

Bayan an rufe makarantar, gidan waya ya rufe, kantin mahaifin Ardis ya bi baya. Ba wanda ya zagi Verlin, mutanen nan ba sa zagi. A coci dai bencin da ke gabansu da na bayansu suka zama fayau. Zaɓe ya zagayo, ya faɗi, ko a Solberg bai sami abin kirki ba.

Sai ya kwaso kwalayen kwafin takardunsa zuwa ɗakin ƙarƙashin gidansa, ya jera su shekara-shekara. Nan ya ƙarasa rayuwarsa, yana gyara waɗanda damshi ya taɓa. "Ranar da suka huce za su karanta," yakan ce, "su ga ba don ƙiyayya na yi ba." Ardis ta san babu abin da ke ciki da ba su sani ba. Sun san rufin yana yoyo, su suke tara bokiti.

Da ciwon ajali ya kama shi, wasiyyarsa ɗaya ce: a kai kwalayen Solberg, kada a raba su.

Al'adarsu idan an yi rasuwa, kowace mace ta kawo dafaffen abinci a tasar gidanta, da sunanta manne a gindin tasar. In makoki ya wuce, mai takaba ta wanke tasoshin ta bi gida-gida tana mayarwa, a zaunar da ita, a zuba mata kofi, a yi kuka tare. Matan Solberg sun kawo abinci, ba a ce ba su kawo ba, har tebur ya rasa wuri. Da aka watse Ardis ta tsaya wanke-wanke, sai ta ga duka a kwanon gwangwani na yarwa suka kawo. Ta juya su ɗaya-ɗaya. Babu suna ko ɗaya.

Duk da haka ta cika wasiyya. A lokacin matan ƙauyen sun sayi tsohuwar makarantar, sun gyara rufin, sun mai da ita gidan tarihi. Gunda Tollefson, matar marigayi Gus, ita ce mai riƙe da makulli. Ardis ta same ta tana goge benci.

"Gunda, kwalayen Verlin ne a bayan mota."

"Ayya, Ardis, kin wahalar da kanki. Kin ga wurin, ko kaza ba ta da wurin juyawa."

"Akwai kusurwar bayan murhu."

"Nan muke ajiye tsintsiya." Gunda ta ci gaba da guga, can ta ɗago. "Amma akwai takarda guda ɗaya da muke so. Wadda ya sa wa hannu ya rufe nan. Mu sa ta a gilashi mu rataye kusa da allo, jikokinmu su gani."

Ardis ta dubi allon. A kansa Verlin ya koya wa 'ya'yan Gunda rubuta sunansu.

"Ya ce kada a raba su."

"To ai shi ke nan. Allah ya ba ki haƙuri."

Ta koma da su gida. Faston cocinsu ne ya rubuta wa jami'ar babban birni, suka aiko mota da samari biyu masu ladabi, ɗayansu yana tambayar yadda ake furta Hovde. An ce an sa takardun a sabbin kwalaye, a ɗaki mai sanyi, inda asu ba ya shiga, kuma duk mai so yana iya zuwa ya karanta. Tafiyar yini guda ce daga Solberg. Ardis takan rubuta musu duk shekara ta tambaya ko wani ya zo, su kuma su amsa mata cikin girmamawa cewa takardun suna nan lafiya.