Bidon Ruwan da Na Sauke

Ni ba mai fita ba ce. Shekara shida na yi a unguwar Manshiya, nesa da garinmu, iyakata ƙofar gida da shagon mai burodi. Sai wata Alhamis maigida ya dawo daga garaji ya ce wani Buzu da yake gyara wa mota zai kai mu ganin tafki gobe, can cikin yashi ta wajen garin Ubari.

"Ganin tafki?" na ce. "Me aka yi a tafkin?"

"Ba a yi komai ba. Kallo ake zuwa."

Ban yarda ba. A garinmu idan mace ta ce za ta tafki, wanki za ta. Na ƙulle barguna biyu da labulaye. Da safe na tarar bayan motar cike da manyan bidon huɗu, wato jarkokin ruwa, babu wurin ƙullina. Maza suna can suna duba taya. Na ce a raina, wane irin mutum ne ke ɗaukar ruwa ya kai wa tafki? Na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na jera a zaure, na ɗora kayana, na rufe da tabarma. Har daɗi na ji, na rage wa mota nauyi.

Mun daɗe a kwalta, sannan Buzun ya sassauta iskar tayoyi muka hau tudun yashi. Salati kawai nake yi. Da muka gangara tudu na ƙarshe sai ga ruwa shuɗi kwance, dabino ya kewaye shi. Wallahi sai da na riƙe baki.

Goran da ke hannunmu ya ƙare tun a hanya, don haka na ruga na kamfata da tafin hannu. Inna lillahi! Gishiri ne tsagwaronsa, har da ɗaci. Ina tofarwa na ji muryar Buzun a bayan mota, da Hausarsa ta kasuwa:

"Ruwa ina? Malam, ruwa ina ya tafi?"

Ya ɗaga tabarma, ga bargo. Ya ɗaga bargo, ga labule. Maigida ya juyo ya dube ni.

"Ke. Me kika yi?"

"Suna zaure," na ce. "Ai na ga tafki za mu."

Babu wanda ya daka mini tsawa, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Rana ta take, babu kowa a wurin sai mu uku, waya ba ta kamawa. Buzun ya ce ba zai hau tudun nan ya koma ba tare da ruwa ba, don idan mota ta kafe a tsakiya, shi ke nan.

Ya ɗauki shebur ya zaga bayan dabino, nesa da bakin tafki, ya fara haƙa. Maigida ya karɓe shi. Ni kuma ina kwashe yashi da kwanon abinci, harshena ya manne. Rami na farko gishiri. Na biyu gishiri. A na uku ruwa ya tsattsafo baƙi-baƙi, Buzun ya ɗanɗana ya gyaɗa kai.

"Kawo kallabi, Hajiya."

Na kwance na ba shi. Ya tace ruwan cikin kwano, sau biyu. Na matsa baya don maza su sha. Sai ya miƙo mini.

"Ke fara sha," ya ce. "Kin yi kuka, ruwa naki ya fita da yawa."